Ƙusar da Bishiya ta Haɗiye

Ranar da bishiyar tapang ta Nyandang ta faɗi, da hantsi ne, ba iska ba hadari. Rugugin ya taso daga cikin kurmi, ya biyo kogi, ya iso dogon gidanmu na kan ginshiƙai, wanda duk ƙauyen ke zaune a cikinsa, har sai da kwanuka suka yi kuka a kan kanta. Karnuka suka ruɗe, kaji suka watse a ƙarƙashin gida, kowa ya fito baranda yana tambayar kowa. Nyandang kaɗai ne bai tambayi kowa ba. Ya ajiye komar da yake ɗinki, ya karkata kunne wajen da ƙarar ta mutu, ya ce, "Tawa ce." Sannan ya yi murmushi, irin wanda ya daɗe bai yi ba.

Wanda bai san labarin ba zai ce tsufa ne ya fara taɓa shi, don ba a murna da faɗuwar tapang. Bishiya ce da ba ma sarewa. Kowace da mai ita, ana gadonta kamar gona, saboda a rassanta ƙudan zuma suke kafa saƙa, can sama inda ta zarce sauran itatuwa ta tsaya ita kaɗai. Wannan ta Nyandang daga kakansa ta fito. Amma shi abin da ya hana shi sakat shekara arba'in ba zuma ba ne, sunansa ne.

Muna kiransa Apai Selaka, wato Baban Selaka, da sunan 'yarsa ta fari, kamar yadda ake kiran kowane uba. Da ƙuruciyarsa babu mai hawa kamarsa, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Hawan zuma kuwa ba a yinsa sai a daren da babu wata. Ba fitila, ba tocila, ko taba ba a kunnawa, don ƙudan zuma haske suke bi. Mai hawa yana kafa ƙusoshin gora a jikin bishiya yana takawa, na ƙasa suna riƙe da igiyar da ake zuro guga, ba sa ganin komai, sai dai su ji waƙar da yake yi wa zuma tana nisa tana nisa. To, shekarar da kurmi ya yi furen da har yau tsofaffi suke kwatance da shi, Nyandang ya sauko ya ce ya wuce mararrabar rassa inda ubansa da kakansa suke tsayawa. Ya ce ya bi reshen da ke nuna kogi har gwiwarsa, wato inda ya lanƙwasa, ya yanko saƙa mai faɗin ƙofa. Ya ce kafin ya juyo ya kafa wata ƙusa a wurin, ta baƙin katakon beliyan, wadda ya sassaƙa daga ginshiƙin tsohon ɗakin ubansa, da tsaga uku a kanta.

Zuman an gani, an kuma sha. Ƙusar ce ba wanda ya gani.

"Shaidarsa duhu ne," in ji Gerinang. "Ku je ku tambayi duhu."

Gerinang abokinsa ne tun suna yawo ba wando, suna kiran juna Unggal, wato aboki, ƙofarsa na jikin ƙofarsa, kuma shi ya riƙe igiya a daren. Gajere ne, amma abin da aka rage masa a tsawo an biya shi a baki. Tun yana faɗa da wasa har maganar ta bi gida. Ba a hawa bishiyar wani, kuma ko an ba da izini, wa zai kai ransa gwiwar reshe don ya duba ƙusa? Kowace shekara a bikin girbi, da zarar giyar shinkafa ta zaga, sai wani ya ce, "Apai Selaka, a ba mu ta ƙusa." Shi kuma bai iya shiru ba. Ya miƙe ya bayar, hannu sama hannu ƙasa, kuma a faɗi gaskiya saƙar takan ƙara faɗi kaɗan kowace shekara. Har ta kai in mutum ya ce ya kama kifi kamar cinyarsa, sai a ce masa, "Kai, wannan ƙusar Apai Selaka ce." Waɗanda ba a ma haifa ba lokacin haka suke cewa, a gabansa, ba su san inda maganar take sukarsa ba. Yana dariya tare da su, amma abin yana cinsa, ya kwana da shi ya tashi da shi.

Shi ya sa ya yi murmushi. Reshen ya sauko ƙasa, yau kowa zai gani da idonsa.

Sai dai akwai cikas, kuma cikas ɗin 'yarsa ce ta cikinsa.

Bishiyar a cikin dajin awo ta faɗi. Shekarun baya masu binciken daji suka zo daga birni suka roƙi gidanmu ya keɓe wani yanki na kurmi, a bar shi yadda yake. Abin da ya faɗi ya kwanta inda ya faɗi, ba a sara, ba a juyawa, ba a ɗauka ko don itacen girki. Suna son su san yawan itacen da kurmi ke kayarwa, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya koma ƙasa. An yi zama a baranda, an sha gardama, aka yarda. Aka yanka alade aka ƙulla alkawari bisa al'ada, kuma wanda ya riƙe zakara ya kaɗa shi a kan jama'a ranar ba kowa ba ne, Nyandang ne. Selaka ce ta karɓi aikin awon. Doguwa ce irin ubanta, marar yawan magana ba irin ubanta ba. Sau ɗaya a shekara takan shiga da mutum biyu su bi matattun itatuwa ɗaya bayan ɗaya. A ɗaura wa kowane lamba, a auna tsawonsa, a zagaya tef ɗin awo a gindi da tsakiya da ƙarshe, a soka tsinken ƙarfe a wuraren nan uku a ga inda ruɓa ta kai. Da farko dariya ake yi, wai Selaka ta zama mai zuwa gaisuwar mutuwar itace. Da aka ga masu sarar katako sun aske dazuzzukan maƙwabta sun tsallake namu saboda wannan aikin, dariyar ta ragu.

Washegari kusan rabin gida suka bi Nyandang cikin kurmi. Bishiyar tana kwance, fara sol, ta buɗe wa rana hanya a tsakiyar duhun daji, saiwoyinta a sama sun fi rufin ɗaki tsayi. Nyandang ya dafa ta ya gaishe ta a hankali, sannan ya bi jikinta da sauri kamar ba shi ne ke kukan gwiwa ba, har inda kanta ya tarwatse a cikin kwari. Bai yi wani lalube ba. Ya nuna wani ƙaton reshe da ya ɓalle ya kwanta gefe, mai lanƙwasa a tsakiya.

"Ga shi nan. Ga gwiwar."

Aka taru aka duba. Aka duba sama, aka leƙa ƙasa, aka share gansakuka. Ɓawo sumul, ko tabo babu.

"To ina take?" in ji Gerinang. "Ko ta ji za a zo ta gudu?"

"Haɗiye ta ta yi. Shekara arba'in fa, Unggal. Kai ma da ka tsaya a jikinta shekara arba'in da ta haɗiye ka, kuma gajere kamarka ba sai ta tauna ba."

Aka kwashe da dariya, har da Gerinang. Amma ya zo da shirinsa. Ya zaro gatari daga kwandon bayansa ya miƙa masa ta ƙota.

"Abu mai sauƙi. Fasa mu gani. In ta fito, ni Gerinang zan ɗauke ka a wuya daga nan har baranda, a gaban surukaina."

Nyandang ya karɓa. Ya tofa yawu a tafi, ya gyara tsayuwa. 'Yan sare-sare kaɗan, shi ke nan an wanke shi.

"Apai."

Selaka ce. Tana tsugune a ƙarshen reshen, ta riga ta ɗaura masa lamba tun kafin su iso, tef na rataye a wuyanta.

"Endu, 'yata, matsa kada ɓaraguzai su same ki."

"Bishiyarka ce, Apai, ba ni da ikon hana ka. Amma in ka sara, gobe kawuna Ayak Gerinang zai zo da zarto ya ce yana son katakon ƙofa, in ce masa me? Jibi wata ta zo ɗiban itacen girki. Kuma in masu bincike sun tambaye ni, ba zan ce iska ce ta fasa ba."

"Ɗan wuri ne fa! Bai fi tafin hannu ba!"

"Na sani."

Ba ta ƙara ba. Da ta yi masa dogon wa'azi da ya sami abin kamawa, ya yi faɗa, ya sara. Amma ta yi shiru ta ci gaba da zagaya tef ɗinta, ta karanta, ta sake zagayawa don ta tabbatar. Ya tsaya da gatari a sama yana kallon hannunta. Ya tuna zakaran da ya kaɗa a kan jama'a, da muryar da ya ɗaga ranar har ana jinsa a bakin kogi. Ya ga abin sarai: in ya sara, ƙusa za ta fito ta ce ba ya ƙarya, gatarin kuma ya ce alkawarinsa ba a bakin komai yake ba.

Ya sauke hannu.

"Beliyan ba ya ruɓa," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Tapang tana ruɓa. Ita ta haɗiye, ita za ta amayar. Zan jira."

"Ayya!" Gerinang ya tafa hannu. "Da duhu ne shaida, yanzu kuma gara ce. Jama'a mu koma gida, shari'a ta koma hannun gara."

Abin da ya biyo baya ya fi na da ciwo. Da cewa ake ba a sani ba. Yanzu cewa ake an ba shi gatari a hannu ya ji tsoro. A bikin girbin shekarar, da aka ce a ba mu ta ƙusa, ya ƙi tashi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce giyar ce ta yi tsami ta ɓata masa ciki.

Daga nan ya zama ɗan rakiyar Selaka ba tare da kowa ya gayyace shi ba. Ranar awo shi ne farkon ɗaura adda. Ko ba ranar awo ba yakan bi ta wurin, wai zai duba tarko, alhali duk gida an san ba shi da tarko a wannan gefen. Sai ya tsuguna gaban reshen yana yi wa gara faɗa.

"Ginshiƙin ɗakina kun cinye shi ba wanda ya roƙe ku. Ga abinci an kawo muku har gida, kun tsaya kuna yanga. 'Yan banza kawai."

Wata rana ya tsinci wani guntun itace cike da gara a wajen iyakar dajin. Ya ɗauko shi, har ya hango reshen, sai ya tsaya. Ya zagi kansa, ya juya, ya mayar da shi daidai inda ya ɗauka. Ba wanda ya gan shi, amma ya yi kwanaki yana tafiya yana buɗa kafaɗa.

Shekarar farko tsinken Selaka ko shiga bai yi ba. Daga baya ɓawo ya saɓule, naman kaza ya fito ya jeru, tsinken ya fara shiga gaɓar yatsa. Tapang ba ta gaggawa tana raye, ba kuma a mace za ta fara ba. Shi kuwa da yawan bi ya koyi aikin ba da niyya ba. Ya san itacen da ke ruɓa daga ciki da wanda ke ruɓa daga waje, ya san wanda in ka taka zai ɗauke ka da wanda zai zurma da kai. Abu ɗaya ne bai gane wa 'yarsa ba. Ranar da ta auna jikin bishiyar kanta, tef ya tsaya saura ƙiris ya cika lamba, sai Nyandang ya matso ya rage murya.

"Ki cika shi mana. Ɗan wannan? Bishiyar kakanki ce fa."

"Ba na ƙarawa, Apai."

"Wa zai sani?"

"Ni."

"Kai, ke dai ba ki gado ni ba," ya ce, yana girgiza kai. Amma da baƙi suka zo daga wani dogon gida na ƙasan kogi, da bakinsa aka ji shi yana cewa, "'Yata ce. Duk itacen da ya faɗi a dajin nan ta san shi, ta san shekarar faɗuwarsa, ta san kaurinsa. Na birni in ta faɗa ba sa sake aunawa." Cika bakin bai tafi ko'ina ba, wuri kawai ya sauya.

Ana haka sai jikin Gerinang ya fara ƙi. Idanunsa suka yi fari, ƙafa ta kumbura, ya daina zuwa gona. Yana zaune a ƙofarsa, in ya ji takun abokinsa sai ya ce, "Yaya alƙalai? Sun yanke hukunci?" Amma muryar ta sirance, kuma tari kan tare tsokanar kafin ta kai ƙarshe. Nan tsoro ya kama Nyandang, tsoro na gaske. Ba mutuwar kansa yake tsoro ba, mutuwar Gerinang yake tsoro. In Gerinang ya tafi bai gani ba, ko da ganga ƙusar ta fito, wa za a nuna wa? Sai ya shiga kai masa kifi dafaffe a cikin gora, da ganyen rogo, da ɗan zuman da ya ɓoye tun bara.

"Me ya kawo wannan kirki haka?" in ji Gerinang.

"Ci ka yi shiru. Kada ka kuskura ka mutu min."

Selaka tana gani. Wata rana da la'asar suna dawowa daga gona a kwalekwale, ta kashe inji ta bar ruwa yana jansu.

"Apai, na yi tunani. Gobe mu je da gatari. Zan gaya wa masu bincike gaskiya, in ce na cire reshen daga awo. Reshe ɗaya ne. Ayak Gerinang ba zai daɗe ba, kai ma ka sani."

Ga abin da ya nema tun ranar farko an miƙo masa. Ya ji yawunsa ya tsinke, ba zai musa ba. Amma abin da ya fito daga bakinsa faɗa ne.

"Ki cire shi? Shekara nawa ina binki matsattsaku suna shan jinina, sai yanzu da ya fara laushi ki cire shi? Kin ji ƙarar faɗuwarsa da kunnenki, kin auna shi yana ɗanye. Tapang nawa kika taɓa samu haka? In kin cire, sai yaushe wata za ta faɗo miki? Ba a cirewa. Tayar da injin nan mu tafi."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta yi dariya, ta share ido da bayan hannu, ta ja igiyar inji.

Shekarar da ta biyo an yi ruwa kamar ba za a daina ba. Ana saura kwanaki a shiga awo, Nyandang ya je duba tarkonsa na ƙarya, ya ga gwiwar reshen ta sunkuya ta dafa ƙasa. Ya dawo gida yana haki. Ranar awo ya sa aka ɗauko Gerinang a kujera har bakin kwari, daga nan ya kama kafaɗarsa suka gangara tare, tsoho yana jan tsoho. Jama'a kuwa ba sai an kira su ba.

Selaka ta fara daga gindin reshen kamar kullum, ba ta yi sauri don kowa ba. Ta auna, ta soka, ta faɗa aka rubuta. Sannan ta zo tsakiya, daidai gwiwar. Ta zagaya tef. Ta ɗora tsinke ta danna, ya shige har ƙota ba tare da ta sa ƙarfi ba. Tana zarewa sai gefen ya zube, gwiwar ta dare gida biyu ta wargaje kamar dafaffen rogo. Jajayen ɓurɓushi, tururuwa, wani shanshani ya fito ya gudu. Kowa ya sunkuya. Ana ganin cikin itacen har ƙasa.

Babu komai baƙi a ciki.

"Me aka gani?" in ji Gerinang, yana juya fararen idanunsa. Ba wanda ya amsa. "Na ce me aka gani?"

Shirun ya ba shi amsa. Nyandang ya jira tsokanar, har ma yana sonta, don ya san yadda ake rama tsokana. Amma Gerinang ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"To, ba komai, Unggal. Dare ne, kuma abin ya daɗe. Zuman dai mun sha. Mu je gida."

Wannan tausayin ya fi zagin shekara arba'in zafi. Nyandang ya zame hannunsa ya zauna a ƙasa, kunya ta rufe shi. A karon farko a rayuwarsa ya tambayi kansa ko ya kafa ƙusar nan kuwa. Ko niyya ya yi bai kafa ba, ya yi ta faɗa har shi ma ya yarda? Mutane suka fara sulalewa ɗaya ɗaya, kowa yana kallon ƙafarsa.

Selaka ba ta tafi ba, don aikinta bai ƙare ba. Gindi, tsakiya, ƙarshe, haka ake yi, ko ubanka na zaune a ƙasa yana jin kamar ta tsage ya shige. Ta bi reshen ta wuce gwiwar, ta yi ta tafiya har can inda ya sirance ya karye. Ta zagaya tef, ta faɗa da wata murya da ba tata ba. Ta ɗora tsinke inda take ɗorawa kowace shekara. Bana ne kaɗai ya sami hanyar shiga da zurfi.

Ƙwas!

Ta tsaya. Ta sake dannawa. Ƙwas! Ruɓaɓɓen itace ba ya wannan ƙara. Ta zare tsinken, wani ɓangare ya ɓalle ya biyo shi.

"Apai. Zo."

Ƙusar tana nan a tsaye a cikin jan ɓurɓushi, baƙa ƙirin, ko gezau ba ta yi ba, da tsagarta uku. Waɗanda suka fara tafiya suka dawo a guje. Nyandang ya iso ya tsaya a kanta, ya waiwaya ya dubi gwiwar da ke can baya, ya sake duban ƙusar.

"Ba nan ba ne," ya ce. "A gwiwa na kafa ta."

"Ga ta kana gani, Apai."

"Na ce a gwiwa na tsaya!"

"A duhu ka hau," in ji Selaka. "Ka wuce gwiwar ba ka sani ba."

Aka kawo Gerinang. Ya tsuguna da ƙyar, aka ɗora hannunsa a kai. Yatsansa ya bi tsagar, ɗaya, biyu, uku. Ya sa aka mayar da shi gwiwar, ya dafa reshen ya biyo shi da hannu, yana jan ƙafa, yana tafiya, yana tafiya, har ya sake isowa ƙusar. Selaka kuwa ta ga wani baƙin zobe a cikin itacen, inda tsohon ɓawo yake kafin bishiyar ta rufe ƙusar. Ta auna daga nan zuwa zuciyar reshen, ta lanƙwasa tef ta yi da'ira, ta sa wa Gerinang a hannu.

"Kaurin reshen ke nan a daren, Ayak."

Ya shafa da'irar da hannu biyu. Da ƙyar za ta zagaye cinyar mutum. Sai ya fashe, da wata murya da aka daɗe ba a ji daga ƙirjinsa ba.

"Mahaukaci! A kan wannan ka kwanta? A kan wannan, da guduma a hannu, ƙudan zuma suna cinka? Matarka tana gida da tsohon ciki! Ni ina ƙasa riƙe da igiya ina hamma, da ka faɗo a kaina fa? Shekara arba'in ina ce maka maƙaryaci, ashe ma rage mana kake yi! Cika bakinka bai kai rabin haukarka ba!"

Yana faɗa yana dukan kafaɗarsa, hawaye suna zuba daga fararen idanun nan. Selaka, wadda ita ce cikin da ake magana, ta karɓi tef ɗin ta tsaya tana kallon da'irar, sannan ta ɗaga kai ta kalli ubanta kamar yau ta fara ganinsa. Nyandang kuwa, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya tsaya ƙiƙam, ƙirjinsa ya cika. Alfahari ne, tsantsarsa, kuma bai yi ƙoƙarin ɓoye shi ba.

Gerinang ya share majina ya juya masa baya ya duƙa. "Hau. Na yi alkawari."

"Kai da aka ɗauko a kujera? Tashi kada ka karye a ce ni ne."

Wani ya miƙa hannu zai zare ƙusar a kai ta baranda kowa ya gani. Nyandang ya make hannun.

"Ba a ɗauka. Mai son gani ya tako ya zo."

Ya juya wajen 'yarsa, wadda har yanzu take riƙe da da'irar ba ta faɗi lambar an rubuta ba.

"Sake aunawa, Endu, a gabansu. Ki faɗi abin da tef ya ce." Ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda na bakin kwari za su ji. "Kada ki ƙara min ko ƙwayar shinkafa."